Asusun Da Aka Buɗe Da Fuskata

Salama gare ku ƴan'uwa masu bin wannan shafi. Sunana Naja'atu Mainassara, haifaffiyar Dakoro, shekarata ashirin da uku. Na daɗe ina karanta labaran mutane a nan, in karanta in ce Allah ya kyauta in wuce, ban taɓa kawowa a raina wata rana nawa za a karanta ba. Wanda ya ga zai zage ni ya zage ni, na cancanta, amma don Allah ya bari sai ya kai ƙarshe.

Ranar Talata da hantsi ina duƙe a tsakar gida ina wanke atamfar Inna, aka yi sallama a ƙofa. Inna ta saka hijabi ta leƙa, ta dawo da takarda a hannu tana riƙe da ita da yatsu biyu kamar mai zafi. Inna ba ta yi lakwal ba, wato boko, amma ta san hatimin komisariya, ofishin ƴan sanda. Na goge kumfa a zanena na karɓa. Sunana ne, cikakke, har da ranar haihuwa. Ana nemana ƙarfe goma sha biyu.

Na san dalilin. Duk Dakoro ta sani.

Yazidu ɗan Gwaggo A'ishatu ne, ƙanwar Babana da ke aure a Mai Yara. Taubashina ne, tun muna yara yake ce mani baiwarshi, ni kuma in ce mashi ɗan ƙauye. Shekara shida yana Lome, an ce yana harkar wayoyi. Bara da Babbar Salla ya dawo cikin farar shadda mai ƙyalli, da agogo, da wani ƙamshi da ya kwana biyu a zaurenmu bayan tafiyarshi. Ya zauna kan tabarma gaban Baba ya lanƙwashe ƙafa kamar ɗalibi, ya ce wasan taubasantaka ya ƙare, shi da gaske yake. Ba wanda ya tilasta mani, wannan ku riƙe shi da kyau. Ni na so shi.

A lokacin ina aiki a wani shagon tura kuɗi kusa da kasuwar dabbobi. Baba dillali ne a kasuwar, shekara talatin yana tsayawa tsakanin mai sayarwa da mai saye, kuma ba a taɓa jin an ce ya ci dalar wani ba. In makiyayi ya sayar da bijimi yana tsoron hanya, wurin Baba yake barin kuɗin, ba takarda ba shaida.

Wata biyu da komawarshi Lome, Yazidu ya turo mani saƙo:

"Amaryata, ɗauko mani hoton katin shaidarki gaba da baya. Sannan ki yi ɗan bidiyo kina riƙe da shi, ki juya kai hagu da dama. Takardun zamanki a nan nake son in fara tun yanzu."

Na tashi na yi kwalliya. Wallahi har kwalli na sa, na ɗaura sabon kallabi ruwan ganye, na yi bidiyon sau huɗu kafin na samu wanda na yi kyau a ciki.

Bayan nan ya kawo zancen Azurfa Plus. Ya ce kamfani ne na kuɗin kirifto, kuɗin intanet ɗin nan da ba a riƙewa a hannu. Ka zuba jikka ɗari, bayan wata ta zama ɗari da talatin. Ya sa mani manhajar a waya, ya ce in gwada da jikka ashirin. Na gwada, ta dawo da riba. Baba ya gwada da kuɗin rago, ta dawo. Daga nan Baba ya fara faɗa wa abokanshi, su kuma da suka ji daga bakin Mainassara ba su tambayi komai ba. Ranar kasuwa layi ake yi a gabana, manoma daga Korahane da kuɗin gyaɗa, makiyaya daga wajen Rumbu da kuɗin shanu a ƙulle cikin rawani. In karɓa in tura lambar da Yazidu ya ba ni, in juya masu wayata su ga lambobi kore suna hawa. Su yi dariya su sa mani albarka.

Wata bakwai ana haka. Sai ranar wata Lahadi manhajar ta ƙi buɗewa. Yazidu ya ce gyara ake, kwana biyu ne. Kwana biyu ya zama sati uku. Maigidan shago ya sallame ni, ya ce ba ya son a ƙone mashi wuri. Na daina fita ko da ɗiban ruwa.

To, wannan ce takardar da ke hannuna.

Na saka doguwar riga baƙa da hijabi ruwan toka har ƙasa, na hau kabu-kabu ina rufe fuska. A komisariya ba a kai ni inda ake tsare mutane ba, wani ƙaramin biro, wato ofis, aka shigar da ni, mai fanka ɗaya da ke kuka. Wata mata ce zaune, ba kakin sarki a jikinta, atamfa ce da ɗan mayafi, ga na'ura buɗe a gabanta. Ta ce sunanta Madam Kadija, daga Yamai ta zo, sashen da ke bin laifukan intanet. Ta miƙo mani ruwa, ta jira na sha.

Ta juyo da na'urar. Na ga ɗigo-ɗigo da layuka sun sarƙe kamar saƙar gizo. Ta ce mutane suna zaton kuɗin kirifto ba su da sawu, alhali duk inda suka taka sai sun bar alama, sai dai mai bin sawun ya zama ya iya. Ta ce su ma ba su iya ba sai da aka tara su da takwarorinsu na wasu ƙasashe aka horar da su, aka ba su kayan aiki. Wata huɗu ke nan suna aiki tare da ƴan sandan Togo da Benin da Kwaddibuwa a kan Azurfa Plus, kowa yana turo abin da ya gani a ƙasarshi, domin ɓarawon na zaune a wata ƙasa, wanda aka yi wa satar yana wata, kuɗin kuma suna ta uku. Ta bi layukan da alƙalami tana nuna mani: nan Dakoro, nan Paraku ta Benin, nan Buwake ta Kwaddibuwa. Duka suka gangara suka haɗu a wani babban ɗigo ja.

Ta ce wannan asusu ne a wani kamfanin musayar kirifto da ke can ƙetare. Fiye da rabin kuɗin mutane suna ciki har yanzu. Ta danna ɗigon.

Fuskata ce ta fito. Da kwallina, da kallabina ruwan ganye, ina murmushi ina juya kai hagu da dama.

Ban san lokacin da na zame daga kujera ba. Na ji kaina a ƙasa ina rantsuwa, ina cewa takardun aure ne, wallahi takardun aure ya ce. Madam Kadija ba ta ɗaga ni ba, ta bari na gama. Sannan ta ce akwai abin da take son in saurara. Ta kunna wata murya. Muryar Yazidu ce, irin wadda yake yi ƙasa-ƙasa in yana lallashi. Da Faransanci yake magana, amma na gane kowace kalma: amaryata, katin shaidarki, takardun zamanki. Ta ce wannan wata yarinya ce a Buwake ya tura mawa. Akwai ta biyu a Paraku, ita tana tsare tun watan jiya, don ta goge komai daga wayarta kafin a zo, ba ta da abin da za ta kare kanta da shi.

Ku yafe mani, amma gaskiya zan faɗa. A wannan lokacin ba kuɗin mutane ne ya fi ci mani rai ba. Kalmar amaryata ce, da na ji ta a kunnen wata.

Madam ta ce kamfanin can ya yarda ya riƙe asusun na ɗan lokaci saboda roƙon da ƙasashen huɗu suka haɗu suka aika. Amma riƙon wucin gadi ne. Kafin a kulle shi gaba ɗaya sai takardar alƙali ta isa, ita kuma takardar ba za ta fita ba sai mai sunan asusun ta sa hannu cewa ba da saninta aka buɗe ba, ta faɗi wanda ya buɗe. Kafin nan, in mai asusun ta sake nuna fuskarta a waya ta tabbatar ita ce, kamfanin zai iya sakin kuɗin.

"Ranar Alhamis da yamma riƙon zai ƙare," in ji ta. "Ko dai ki zama shaida, ko ki zama mai asusun. A takarda yanzu, Naja'atu, ke ce kika ci kuɗin Dakoro."

Na ce a ba ni zuwa gobe, sai na faɗa wa Babana. Ta rubuta lambarta a bayan takardar kiran, ta ce tara na safe.

Ko da na isa gida na tarar da Gwaggo A'ishatu ta iso daga Mai Yara. Tana zaune bakin ɗakin Inna, ƙafafunta duk ƙura, ga ƙullin kayanta ba a ko shigar ba. Da ta gan ni ta taso ta rungume ni tana kuka, tana cewa ɗanta ba ɓarawo ba ne, shi ma cutar shi aka yi, manyan ne suka gudu suka bar shi. Baba yana kan kujerar roba gindin dalbejiya, carbi a hannu amma ba ya ja. Na durƙusa na faɗa mashi duk abin da na gani, har da ƴan matan nan biyu. Bai ɗago ba. Da na zo kan maganar sa hannu, Gwaggo ta cire kallabinta ta ajiye a ƙafafuna. Ku da kuka san gidan Hausa kun san nauyin wannan. Furfurarta a waje, tana roƙona da girman nonon da suka sha ita da Baba.

Baba ya ce ta mayar da kallabinta. Sannan ya juyo gare ni, ya yi magana a hankali, yadda yake yi in ciniki ya ɓaci. Ya ce shi ya kawo mutane, shi zai biya su. Zai sayar da gonar hanyar Korahane, da gidan nan in ta kama. Amma ba za a ce ɗiyar Mainassara ce ta miƙa ɗan ƙanwarshi ga hukumar wata ƙasa ba, inda ba wanda zai kai mashi ko ruwa.

Na ce, "Baba, gona da gida ba su kai kashi ɗaya cikin goma ba. Kuma ni za a rufe."

Ya ce ba za a rufe ni ba yana raye, zai je ya ga manya. Waɗanne manya? Baba bai gane ba, wannan ba rigimar kan iyakar gona ba ce da za a kashe a zauren mai gari. Takardata tana kan tebur a ƙasa huɗu.

Bayan la'asar Rhissa ya yi sallama. Buzu ne, aminin Baba tun kafin a haife ni, duk zuwanshi da cuku yake zo mana. Raƙuma huɗu ya sayar ya zuba a Azurfa Plus, ciki har da taguwar da ƴaƴanshi ke shan nononta. Na zata faɗa ya zo yi. Na kai masu kayan shayi zaure. Ya gaishe ni kamar kullum, ya tambayi jikin Inna. Sai da suka sha kofi na biyu, ina laɓe bayan ƙofa, na ji ya ce wa Baba shi bai zo tambayar kuɗi ba. Ya zo ne ya faɗa mashi sun tashi daga mashekarinsu, ya kai iyali wurin ƙanenshi Intalla, don ba abin da za su ci har damina. Ya ce kar Baba ya neme shi a tsohon wuri ya rasa ya yi zaton fushi ne.

Da ya zage mu da ya fi mani sauƙi.

Na koma madafa na tarar da Inna tana tuƙa tuwon hatsi, hayaƙi ya cika mata ido. Ba ta dube ni ba, tana tuƙi ta ce, "Ni ban san kirifto ba. Na dai san wata tara na ɗauke ki. A'ishatu nata take karewa, ni wa zai kare mani tawa?" Ta kwashe tuwon ta ce in kai wa Gwaggo nata.

Laraba tun kafin tara ina komisariya. Na ce wa Baba asibiti za ni, ƙarya ta farko da na taɓa yi mashi ido da ido. Na ba da labari tun daga farar shadda har ranar da manhaja ta mutu, wani ɗan sanda yana bugawa. Shafi biyar. Na sa hannu a kowane. Suka kwafe duk abin da ke cikin wayata suka mayar mani, Madam ta ce in ci gaba da yi mashi magana kamar ba komai, kar ya ji a jikinshi. Ta ce takardar alƙali za ta fita gobe da safe in Allah ya so, daga nan a aika wa kamfanin. Saura kwana ɗaya ke nan da za mu riƙe numfashi.

A gabanta na rubuta mashi: "Yaya Yazidu ina kewarka. Mutane sun dame mu. Yaushe gyaran zai ƙare?"

Ya amsa nan take: "Ki ƙara haƙuri amaryata. Komai ya kusa wucewa. Na fi kusa da ke fiye da yadda kike zato."

Na ɗauka irin daɗin bakinshi ne. Ita ma Madam ta ɗan taɓe baki ta ci gaba da aikinta.

Ta ce in zauna, akwai abin da suke jira daga Lome. Na zauna a benci har azahar, na yi salla a bayan biro kan ɗankwalina. Wajen ƙarfe uku wayarta ta yi ƙara, ta yi magana da Faransanci da sauri, tana cewa to, to, madalla. Ƴan sandan Togo sun shiga wani gida a bayan gari, sun kama mutum huɗu, da wayoyi sama da sittin da katunan shaida na mata cike da kwali. Hotunan suka shigo na'urarta ɗaya bayan ɗaya, ta ce in duba da kyau. Na duba na farko, na biyu, na uku. Rabin zuciyata na addu'ar in gan shi, rabi na addu'ar kar in gan shi. Na huɗu wani dattijo ne mai sanƙo.

Ba ya ciki.

Madam ta sake kira. Da ta ajiye, fuskarta ta canza. Ta ce waɗanda aka kama sun ce kwana biyar rabonsu da shi, ya bar wayarshi ta Togo a ɗaki, da wata yake amfani. Za su sanar da kan iyakoki. Ta ce in tafi gida, in kulle bakina, duk abin da na ji ko na gani in kira ta, ko da ƙarfe nawa ne. Na ajiye lambarta a saman jerin kira.

Na sauka daga kabu-kabu a bakin lungunmu ana kiran la'asar. Zauren a rufe, abin da ba a taɓa yi da rana ba. Na tura na shiga. Tsakar gida shiru, Inna na tsaye bakin randa da moɗa a hannu, ba ta sha ba ta ajiye ba. Ta yi mani nuni da ido wajen ɗakin Baba. A bakin ƙofar akwai takalman Baba, da silifan Gwaggo, da wasu takalma na maza baƙaƙe da ƙurar tafiya ta rufe.

Baba ya kira sunana daga ciki.

Na ɗaga labule. Yazidu ne zaune kan darduma, ya rame, ya tara gemu, da wata tsohuwar jallabiya da ba tashi ba. Gwaggo na gefenshi ta riƙe hannunshi. Ashe kwana uku yana ɓoye a Mai Yara, a amalanken hatsi aka shigo da shi. Ya ɗago ya dube ni, kuma Allah ya sani, duk da abin da na ji da abin da na gani, sai da ƙirjina ya amsa.

"Naja," ya ce. "Kin rame."

Baba ya ce in zauna. Fuskarshi ta saki, rabon da in ga haka tun sati uku. Ya ce Yazidu ya yi mashi bayani, abokan aikinshi ne suka ci amana, shi kuma ya yi dabara ya ɓoye kuɗin mutanenmu a asusu da sunana don kar su kai gare su. Ya sha wahalar hanya ya zo da kanshi don ya mayar wa kowa haƙƙinshi. Abu ɗaya ya rage.

Yazidu ya zaro wata sabuwar waya daga aljihu, ya kunna, ya juyo da ita gare ni. Wani zagaye ne a tsakiyar allon, fuskata na rawa a ciki.

"Minti biyu ne," ya ce da muryar nan tashi ta ƙasa-ƙasa. "Ki ɗan ja hijabin baya, ki juya kai hagu da dama. Gobe war haka Rhissa ya sayi raƙumanshi."

Na ce kaina na ciwo, a bari sai anjima. Ya yi murmushi ya ce anjima layin zai rufe. Na ce bari in yi salla tukuna. Gwaggo ta ce salla ba ta gudu. Na dubi Baba, ina roƙonshi da ido ya gane, ya tuna ƴar Buwake, ya tuna ƴar Paraku da ke tsare. Amma Baba ya samu igiyar da zai kama, wadda za ta fitar da ɗan ƙanwarshi da ɗiyarshi da sunanshi gaba ɗaya, ba zai sake ta ba.

"Ki yi, Naja'atu," ya ce. "Ni na ce ki yi."

Hannuna na dama yana cikin hijabi, riƙe da wayata. Na lalubi allon da babban yatsa, na danna inda na san lambar take, ina fatan ta ɗauka ta yi shiru ta saurara. Da hannun hagu na fara jan hijabina baya a hankali, kamar mai biyayya, ina ƙirga daƙiƙu a zuci. Yazidu ya matso da wayar kusa da fuskata.

Ban san yatsana ya taɓa lasifika ba.

"Alo, Naja'atu?" Muryar Madam Kadija ta fito tar daga cikin hijabina, ta cika ɗakin. "Ina jin ki. Ya tuntuɓe ki ne?"

Gwaggo ta saki hannun ɗanta. Carbin Baba ya faɗi kan darduma. Murmushin ya bar fuskar Yazidu. Ya miƙe tsaye a hankali, ya taka ya wuce ni, ya tura ƙyauren ɗakin ya sa sakata.